Zaman keɓewar marubuta a Bali: akwai wanda ya taɓa zuwa a cikinmu?

'Yar Ƙofar Sauri ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina bin hirarku ban taɓa sa baki ba, yau dai buƙata ta kawo ni.

Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata a nan cikin Katsina, da aurena da yara huɗu. Shekara ta huɗu ke nan ina fama da littafi ɗaya. Labarin kakata ne, wadda ta haifi mahaifiyata, macen da ta riƙe gida da kaɗi bayan rasuwar mijinta. Ina ƙarama na sha zama kusa da ita tana gurza auduga, ta shiɓe ta, ta shafa alli a yatsu ta murza mazari a cikin taskira, har barci ya kwashe ni da wannan ƙarar. Na rubuta babi 14. Na zo daidai inda zaren kamfani ya shigo kasuwa masaƙa suka daina sayen abawarta, sai alƙalami ya tsaya cak. Wata takwas ban ƙara layi ɗaya ba. Da rana makaranta, da yamma girki da islamiyyar yara, bayan isha'i ga takardun ɗalibai na jiran maki. In na samu na zauna kuma, ko dai babu wuta ko ido ya riga ya rufe.

Makon jiya na ci karo da wata talla a Instagram. Wai zama ne na kwana goma a wani gari Ubud da ke tsibirin Bali, a ƙasar Indonesiya. Marubuta goma sha biyu kawai za a ɗauka, kowa da ɗakinsa yana kallon gonakin shinkafa, a yi rubutu da safe, da yamma a haɗu a karanta wa juna, akwai kuma mai jagorantar zaman da za ta duba aikin kowa. Wallahi da na ga hoton teburin nan da kujera ɗaya a bakin taga sai da idona ya ciko.

Amma da na sauka ƙasa na karanta jadawalin sai jikina ya yi sanyi. Akwai ranar da za a je wani wurin bautarsu a yi abin da suka kira wankan tsarki. Akwai koyon haɗa furannin da suke ajiyewa don abin bautarsu. Kullum da asuba akwai yoga, wani irin motsa jiki da sarrafa numfashi, da zaman shiru. Sun rubuta cewa wai wannan ne zai buɗe wa marubuci ƙofar zuciyarsa.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. In na haɗa kwasar adashena da 'yan kunnen gwal ɗin da na gada, da ƙyar zai kai na mutum ɗaya, ga shi maigidan ya ce bai hana ni ba amma sai dai ƙanena ya raka ni. Shi ya sa na ce bari in tambaya kafin in yi abin da zan zo ina cizon yatsa. Akwai wanda ya taɓa zuwa Bali a cikinku? Musulma za ta iya wannan zama ba tare da ta taɓa addininta ba? Kuma tsakani da Allah, barin gida zuwa wata uwa duniya yana warware wa mutum rubutun da ya cije?

Ɗan Daura da ya zauna Jawa ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya jiƙan kaka, ya sa littafin nan ya ga hasken rana.

Na yi karatun digiri na biyu a Malang, gabashin tsibirin Jawa, kuma na shiga Bali sau biyu. Daga Jawa mota muke hawa zuwa Ketapang, mu tsallaka da jirgin ruwa zuwa Gilimanuk, kamar awa ɗaya a kan ruwa. A zuwa na biyu na yi sati uku a Ubud, na kama ɗaki a gidan wani magidanci ina gyara kundin bincikena da wasu waƙoƙi. Irin zaman nan na biya ban yi shi ba, amma masu yin sa suna maƙwabtaka da mu, har sun gayyace ni karatunsu na yamma sau ɗaya. Abin da idona ya gani zan faɗa maki.

Farko ki sani, duk da Indonesiya ƙasar Musulmi ce, Bali daban take. Fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanenta mabiya addinin Hindu ne, kuma addinin ba a ɗaki suke ajiye shi ba. Kowane gida da wurin bautarsa a tsakar gida. Matar maigidana kullum da sassafe sai ta fito da tire cike da wasu 'yan ƙananan faifai na ganyen kwakwa, girman tafin hannu, an zuba furanni kala-kala da ɗan abinci, an kunna turaren tsinke a kai. Canang sari suke ce mashi. Ta ajiye a bakin ƙofa, a kan babur, a gindin matakala, ta yayyafa ruwa tana addu'arta. Wannan shi ne furannin da aka ce za a koya maku haɗawa. A talla sai ki ɗauka aikin hannu ne kamar saƙar hula, alhali a wurin masu shi ibada ce cikakkiya.

Wankan kuwa melukat ne sunansa. Inda aka fi kai baƙi shi ne Tirta Empul a Tampaksiring, wurin bauta da aka kafa tun wajen shekarar 962 a kan wani marmaro. Na je na gani. Ana ɗaura zane da ɗamara kafin a shiga, a gabatar da furannin nan a yi addu'a, sannan a shiga ruwan a bi bututan ɗaya bayan ɗaya ana sunkuyar da kai, a tsallake waɗanda aka keɓe don hidimar mamata. Ni na tsaya daga gefe. Na ce wa mai yi mana jagora ni Musulmi ne, kallo na zo, ya ce ba komai, har ya nuna mani inda zan tsaya ba tare da na tare wa masu ibada hanya ba. Babu wanda ya matsa mani, a can ko a ko'ina. Mutanen Bali sun saba da Musulmi, akwai tsofaffin garuruwan Musulmi a tsibirin kamar Loloan da Gelgel da Pegayaman, har mutanen Pegayaman suna sa wa 'ya'yansu sunayen jerin haihuwa irin na Bali, Wayan da Nengah da Nyoman da Ketut, su haɗa da sunan Musulunci. Matsin, in zai zo, daga 'yan rukuninku zai zo, lokacin da mutum goma sha ɗaya suka shiga ruwa aka bar ki ke kaɗai a tsaye da hijabi.

Abin da ya dame ni da irin waɗannan tallace-tallace shi ne yadda ake ɗaukar ibadar mutane a yanka ta a sa a jadawali tsakanin karin kumallo da abincin rana. Maigidana da kansa ya taɓa nuna mani ɓacin ransa kan baƙin da ke shiga ruwan don hoto kawai. Ki kwatanta a ce wani ya zo Katsina ya shirya wa baƙi kwana goma, ya sa masu "gwajin i'itikafi" ranar Laraba don rubutunsu ya yi daɗi. Ba za mu ji daɗi ba, su ma haka.

Sai sha'anin yau da kullum. A tsakiyar Ubud ban taɓa jin kiran salla ba, da waya nake duba lokaci, kuma suna gabanmu da awa bakwai. Alƙibla yamma take, ta ɗan karkata arewa, akasin yadda muka saba. Juma'a garin Gianyar nake zuwa a kan babur. Abinci sai kin lura ƙwarai, don gasasshen alade, babi guling, shi ne abin alfaharin garin. Ki nemi shagon da aka rubuta warung Muslim ko masakan Padang, a nan na riƙa ci hankali kwance. Karnuka suna da yawa a kan titi.

Babbar magana ita ce biza. Mai fasfon Najeriya ba a ba shi biza a filin jirgi kamar yadda ake ba Turawa. Muna cikin 'yan ƙasashen da ake yi wa tantancewa ta musamman, sai an samu mai tsaya wa mutum a can cikin ƙasar, kuma abin yana ɗaukar lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ki biya ko sisi da ba a mayarwa sai masu shirin sun rubuta maki cewa za su tsaya maki ke da ƙanenki. Babu jirgi kai tsaye daga nan, sai an ya da zango a wuri kamar Doha kafin Denpasar, babban birnin Bali. Tun watan Fabrairun 2024 kowane baƙo yana biyan harajin shiga Bali rupiya 150,000 a kuɗin ƙasar, wannan ba shi da yawa. Kuma don Allah kada ki karɓi saƙon kowa a jakarki ko da ɗan'uwa ne. Hukuncin miyagun ƙwayoyi a can har da kisa, kuma a 2015 akwai 'yan Najeriya cikin waɗanda aka zartar wa.

To amma zan yi wa wurin adalci, don ya amfane ni. Na je Singaraja a arewacin tsibirin, ɗakin karatu na Gedong Kirtya da aka kafa a 1928, inda ake ajiye tsofaffin littattafansu na lontar. Malama, lontar ɗin nan ganyen wata bishiya ce 'yar'uwar giginyarmu. Ana busar da ganyen a yanka shi dogo-dogo, a karce rubutu da 'yar wuƙa, a goga baƙin wani ƙonannen ɗan itace ya shiga cikin karcen, sai haruffa su fito, a huda a zura zare a ɗaure tsakanin katako biyu. Ina tsaye ina kallo sai ga zauren kakana a Daura ya dawo mani, da gafaka da tawadar da ake dafawa da ƙaro. A daren nan na rubuta waƙar da na yi shekara biyu ina nema. Haka kuma tsarin rabon ruwansu na subak, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2012, inda manoma ke zama su tsara wa zai sha ruwa yau wa zai sha gobe tun daga kan tudu har gangare, ya sa na riƙa tunanin masu lambunmu da rigimar ruwa lokacin rani. Nisa yana sa mutum ya hango gidansu da kyau. Wannan ba wanka ne ya ba ni ba, ido ne da kunne.

Malamin zaure daga Rafindaɗi ya rubuta:

Malama, Allah ya yi albarka da kika tambaya kafin ki ɗaura niyya.

Tafiya don ganin ƙasa da sanin mutane ba laifi ba ce. Alƙur'ani ya yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba, kuma a Suratul Hujurati aya ta 13 an faɗa mana an yi mu dangogi da ƙabilu ne don mu san juna. A Suratul An'ami aya ta 108 an hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa. Saboda haka in kin je, ki girmama masu gari, kada ki taka abin da suka ajiye a ƙofa, kada ki yi masu dariya. Amma tsakanin kallo da shiga akwai tazara. Wankan da ɗan'uwanmu na Daura ya bayyana, da haɗa furannin da za a miƙa wa abin bauta, ibada ce ga wanin Allah, kuma canza mata suna a takardar talla bai canza ta ba. Wannan ki bar shi gaba ɗaya, da fara'a, ba tare da faɗa ba.

Maganar yoga, malaman ƙasar da kansu sun zauna a kanta. Majalisar Malamai ta Indonesiya a watan Janairun 2009 ta ce wadda aka haɗa da karance-karancen bauta ba ta halatta ga Musulmi, wadda kuma motsa jiki ce zalla ba su hana ba. Sai ki tambayi masu shirin wace iri ce tasu. Ni a ganina ma ba ki da buƙatarta. Mai sallar asuba da ta zauna a kan dardumarta tana lazimi har rana ta fito ta riga ta samu zaman shirun da ake sayar wa wasu da tsada. Kalmar halwa ba baƙuwa ba ce a garin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani.

Sharaɗin maigidanki na muharrami daidai ne, ki riƙe shi. Gwal ɗin gado kuma ki yi istihara tukuna.

Hajiya mai tsohon alƙalami ta rubuta:

Ɗiyata, ni tambaya ɗaya zan yi maki, kuma ban ga wanda ya yi ta ba. Da wane harshe kike rubuta littafin nan? In da Hausa ne, to wa zai karanta shi a Bali?

Rabin kuɗin da za ki biya na mai duba aikin ne da na karatun yamma. Za ki zauna cikin mutum goma sha ɗaya da ba su san mazari ba, ba su san abawa ba, ba su san abin da ake nufi in an ce mace ta shiga takaba ba. Ko dai ki kwana kina fassara babinki zuwa Turanci don su ji, wanda wani aiki ne daban da zai cinye kwanakin, ko ki zauna ki yi ta sauraron nasu. Su yaba maki ma, fassarar suka yaba. Inda Hausarki ta yi rauni, inda kika sa wa tsohuwar Bakatsiniya maganar 'yan matan yanzu a baki, babu mai kama maki shi a can.

Na fara rubutu tun ana yi a littafin makaranta a kai wa mai keken rubutu ya buga. Ni ma na taɓa cijewa kamar ke, shekara guda cur, bayan haihuwata ta biyar. Abin da na yi, na roƙi maigidan kwana goma sha biyu, na kai yaran wurin kishiyata, Allah ya saka mata, na hau mota zuwa Daura gidan gwaggona, can kusa da rijiyar Kusugu. Ta ba ni ɗakin da take ajiye hatsi, aka share aka shimfiɗa tabarma. Na ce mata in an zo gaishe ni a ce ina aiki. Daga sallar asuba zuwa hantsi ina rubutu, in kwanta, bayan la'asar in karanta mata abin da na rubuta tana tsinkar zogale. Ita ba ta yi boko ba, amma in na karanta abin da ba haka ake faɗa ba sai ta ɗago kai ta ce, "A'a, sake dai." Babu editan da ya taɓa yi mani aikin da matar nan ta yi mani. Na dawo da babi bakwai.

Abin da ya sa ki hawaye a hoton nan tebur ne da ƙofar da za ki rufe, da abincin da ba ke kika dafa ba. Haƙƙinki ne ki so wannan, kada kowa ya sa ki ji kunya. Mu mata marubuta a ƙasar nan ba basira muka rasa ba, awa uku a jere muka rasa. In kuma lallai kina son zama cikin marubuta, akwai gidan marubuta na Ebedi a garin Iseyin ta jihar Oyo, tun 2010 suke karɓar marubuta su ba su ɗaki na makonni, nema ake yi a rubuce ba saye ba. Ki gwada can tukuna, gwal ɗin gadonki ya zauna inda yake.

Ɗan Daura da ya zauna Jawa ya sake rubutawa:

Hajiya ta faɗi abin da ya wuce ni, kuma gaskiya ne, a karatun yamman da na halarta komai da Turanci aka yi. Abu ɗaya zan ƙara. In Allah ya hore wata rana, lokacin da ya fi dacewa marubuci ya je Ubud shi ne lokacin bikin marubuta da makaranta da ake yi duk shekara wajen watan Oktoba. An fara shi a 2004, bayan harin bam na 2002 da ya kashe mutum 202 a tsibirin, don a dawo wa wurin da rai. Marubuta daga ƙasashe da yawa suke zuwa, har da Musulmin Indonesiya masu rubutu da harsunansu, kuma ba a haɗa maki da wata ibada. Ki dai guji sa tafiya a ranar Nyepi, sabuwar shekararsu, wadda takan faɗo wajen watan Maris. Awa 24 ba fita, ba aiki, ba kunna wuta, har filin jirgi rufewa ake yi. A 2023 ta zo daidai da daren fara tarawihi, aka daidaita Musulmi su taka da ƙafa zuwa masallaci mafi kusa, ba tare da lasifika ba.

'Yar Ƙofar Sauri ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Allah gafarta Malam, na yi istiharar. Yayana na Daura, bayaninka ya sa na ga wurin kamar na je.

Na rubuta wa masu shirin kamar yadda kuka ce. Sun amsa cikin mutunci. Sun ce wankan da furannin ba dole ba ne, amma kuɗin ba ya raguwa. Sun ce ba su taɓa tsaya wa mai fasfon Najeriya ba. Da na tambayi ko akwai mai karanta Hausa, suka ce in turo shafi goma da Turanci.

Hajiya, na karanta amsarki sau uku, na ukun a bayyane na karanta wa maigidan. Shi ya tuna mani da cewa ƙanwar mahaifiyata tana nan da ranta a Mani, kuma ita ta ɗauki mazarin kaka da taskirarta ranar rabon gado, lokacin da kowa ke duban kwalla da tasoshi. Ban taɓa zama na tambaye ta yadda aka yi kaka ta daina kaɗi ba, alhali a gabanta aka yi. Na kira ta jiya da dare. Ta ce in zo, ɗaki na nan, amma in taho da auduga don ba za ta iya ba ni labarin hannunta na zaune ba. Mun tsayar da dogon hutu, kwana goma, yaran za su zauna wurin kakarsu ta wajen uba.

Lontar ɗin nan kuwa ya tsaya mani a rai, ina so in gan shi da idona wata rana, ni da maigidan, lokacin bikin marubutan.

Yanzu taimako ɗaya nake nema. Inna ta ce bakan shiɓar kaka ya karye tun da daɗewa. Akwai wanda ya san inda zan samu bakan shiɓa da auduga mai ƙwaya wadda ba a gurza ba, a cikin Katsina ko a kasuwar Mashi ko Charanchi?